Ajiyar da Baba Ya Bari a Hanyar Kwarin Maje

Tasi'u, rage fitilar nan. Ummita, matso kusa da ni, ki daina leƙen zaure, babu kowa a can. Kun dame ni in ba ku labarin motar da ke bayan ɗakin Baba, wadda kaji ke kwana a ƙarƙashinta. To, zan ba ku. Amma ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya yi dariya. Kuma gobe in kun ga Baba, kawun naku, ku gaishe shi kamar kullum. Kada ku ƙura masa ido.

Motar ta Innata ce, Malama Azumi. Ba ku san ta ba, ba a haife ku ba ta rasu. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a ƙauyen Kwarin Maje, can bayan fadama. Kullum sai ta je ta dawo, shi ya sa ta nemi mota. Tsohuwar mota ta saya, 'yar Beljiyam, irin ƙananan nan da but ɗinsu, wajen zuba kaya, ke haɗe da kujerun baya. Ƙofar but ɗin sama ake ɗaga ta, sai an tokare da sanda take tsayawa. Gilas da hannu ake murɗawa. Mutanen unguwa suka sa mata suna Akwatin Ashana. Inna ba ta damu ba. Ta ce ita ba don a kalle ta ta saya ba, don ba ta shan mai ne. Kuma gaskiya ba ta sha. Sai Inna ta manta ranar da ta shiga gidan mai.

Aibinta ɗaya, ba ta tashi da makulli. Sai an tura. Baba ya yi ta fama a kai ta wajen bakanike, Inna ta ce a bar mata abarta haka.

Baba a lokacin tela ne mai surutu. In yana taka keke, fito yake yi, ana jin sa har bakin titi. Shi ke tura motar kowace safiya, yana tsokanar Inna, ni ina bayansa ina tura ƙafarsa. Ban daɗe da shiga firamare ba.

Sai Inna ta kwanta. Zazzaɓi ya kama ta a wajen aiki, aka kawo ta gida a motar wani. Ba ta jima ba ta cika. Motarta ta zauna can Kwarin Maje, a gindin darbejiya.

Baba bai yi kuka ba. Ba a maƙabarta ba, ba a zaman makoki ba. Mutane suna ta cewa Malam Gwadabe akwai tawakkali. Shi kuwa daga baya ya gaya mini ba tawakkali ba ne. Ya ce ji yake kamar an danne masa hannu ya mutu, yana jiran jini ya dawo. Ya san zai dawo. Bai dai dawo ba tukuna.

Duk abin da zan faɗa muku yanzu, daga bakinsa na ji.

Bayan sadakar arba'in aka aiko daga asibitin, a zo a ɗauke motar. Baba ya hau acaɓa ya tafi. Ƙarshen damina ne, an yi ruwa da rana. Kafin a samu makulli, a hura tayoyi, la'asar ta wuce.

Maigadin asibitin ya ce masa, "Malam, rana ta yi sanyi. Ka kwana nan, ko ka zaga ta kwalta."

Baba ya leƙa allurar mai. Tana kwance. Ya ce, "Ba zai kai ni ta kwalta ba. Ita Malama ta ina take bi?"

"Ta fadama. Amma ita daban ce."

Baba bai tambaye shi me yake nufi ba. Ya shiga. Silifas ɗin Inna na ƙasa, kusa da birki. Mayafinta na kan kujera. Kujerar direba an jawo ta gaba, daidai gajerun ƙafafunta. Bai matsar da ita ba. Haka ya zauna, gwiwoyinsa na gugar sitiyari. Ya ce ya kalli silifas ɗin nan, ya jira ya ji wani abu. Bai ji ba. Maigadi ya tura, mota ta yi tari ta tashi.

Hanyar fadama jar ƙasa ce, siririya. Dawa ta yi tsawo hagu da dama, ba ka ganin komai sai sama. Kwaɗi na ta kuka. Rana ta faɗi, duhu bai gama sauka ba. Ya kunna fitila, ido ɗaya ne ke ci.

Can sai kwaɗin suka yi shiru. Gaba ɗaya.

A gindin wani gawo akwai tsohuwa a tsaye. Baƙin zane, kai ba kaya. Ba ta ɗaga hannu ba. Ya ce bai yi niyyar tsayawa ba, ƙafarsa ce kawai ta je kan birki.

Ƙofar gefen fasinja tana da hali. Sai ka ɗaga mariƙin, ka danna da gwiwa, sannan ta buɗe. Baƙo bai taɓa iya ta ba. Tsohuwar nan ta ɗaga, ta danna, ta buɗe.

Ta ce, "Sannu, Malama."

Sai ta sunkuyo ta dube shi. Ta daɗe.

"Ba ita ba ce."

Baba ya ce, "Ba ita ba ce."

"Ina take?"

"Ta rasu."

Tsohuwar ta ɗago. Sannan ta ce, "Shi ya sa. Mun yi ta jira."

A nan ya lura da muryar. Bakinta zai motsa ya gama, sannan maganar ta iso. Kuma ba daga bakin take zuwa ba. Daga bayan kunnensa take zuwa, kamar mai maganar na kujerar baya.

Ta shigo ta zauna. Tsohuwa ce 'yar firit, kamar iska za ta ɗauke ta. Amma motar ta sunkuya ta gefenta har taya ta taɓa jiki. Ya kai ido ƙasa. Ko'ina taɓo ne, ƙafarta a bushe. Kuma babu yatsu. Dunduniya ce gaba da baya.

Ummita, sake mini zane, ina nan.

Ya gani. Ya gane. Ya ce ko a'uzu bai tuna ya yi ba, don zuciyarsa ba ta buga ba. Kallonta kawai yake yi, kamar an kawo masa yadi yana duba faɗinsa.

Ta ce, "Kai ne mijin? Telan?"

"Ni ne."

"Ka iya karɓar haihuwa?"

"A'a."

"Tuƙi fa?"

"Kaɗan."

"Ya isa. Jikata ce ke naƙuda, ɗan ya gicce. Tunda Malama babu, sai mu kai ta wajen tamu ungozomar, hayin rafi. A halin da take ciki ba ta iya tafiya irin tamu." Ta nuna madubin tsakiya. "Juya wannan."

Ya juya shi sama.

"Duk abin da ka ji, hanya za ka kalla."

Sai ya ji an ɗaga ƙofar but. Ya ji an tokare ta da sandar, ba a ko laluba ba. An kwantar da kujerun baya. Sannan aka shigo da wani abu a hankali, a hankali. Bayan motar ya yi ƙasa. Gabanta ya ɗaga, har hasken fitila ya koma kan ganyen gawo. Wani wari ya cika motar, kamar ƙasar da ruwan farko ya daka, haɗe da ƙarfe mai zafi. Kuma akwai numfashi. Dogo, mai nauyi, yana kaɗa gashin ƙeyarsa.

Aka rufe but.

Baba ya ce, "Mai ya ƙare."

Tsohuwar ta ce, "Tafi."

Ya sa giya ta ɗaya. Injin ɗan ƙarami ne, kun sani, ba a yi shi don kaya ba. Ya yi ta kuka kamar akuyar da aka ɗaure. Amma ya ja. Tsohuwar ta nuna dama. Babu hanya a dama, dawa ce. Ya juya sitiyari, dawar ta dare. Suna shiga tana darewa. Bayansu kuma yana jin karan na haɗewa, shuu, shuu.

Sun yi tafiya. Bai san tsawonta ba. Allurar mai na kwance inda take, mota na tafiya.

Tsohuwar ta ɗauki mayafin Inna ta ninke shi a cinyarta. Ta ce, "Ranar da Malama ta fara tsaya mana, a tsorace take. Ta gan mu sarai. Ta kalli ƙafata, ta kalli yarinyar da na kawo. Ta ce mai naƙuda mai naƙuda ce, a shigo da ita. A nan bayan take karɓar mana haihuwa, gindin gawon can. Ba ta gaya maka ba?"

"A'a."

"Da ma ba za ta faɗa ba."

Ya tuna yadda Inna kan dawo a makare da dare, ta daɗe tana wanke hannu a bakin rijiya, ta ce motar ce ta ba ta wahala. Ya tuna kawai. Kamar labarin matar wani.

Sai ga rafi. Ya cika, yana gudu, jawur. Baba ya taka birki.

"Ba za ta ƙetare ba."

"Za ta ƙetare."

Numfashin baya ya koma nishi. Wani abu ya damƙi bayan kujerarsa, ya ji ƙarfen cikinta na lanƙwashewa. Ya saki birki.

Ruwa ya kai ƙofa. Ya shigo ta ƙasa, ya rufe masa idon sawu. Ya ce ruwan ɗumi ne. Silifas ɗin Inna suka taso suna yawo tsakanin ƙafafunsa. Motar ta fara lilo, tayoyi sun bar ƙasa. A tsakiyar rafin, wadda ke baya ta yi ƙara. Ba murya ɗaya ba ce, kamar mata da yawa ne a maƙogwaro ɗaya. Gilashin gaba ya tsage daga sama har ƙasa. Tasi'u, ka ga tsagar ai, kai da kake leƙawa.

Sannan shiru.

Sannan kukan jariri.

Baba ya ce a duk abin da ya gani ya ji a ranar, wannan ne kaɗai irin namu. Kuka ne kawai na jariri, siriri, mai fushi. Tsohuwar ta sauke numfashi. Ta ce, "Ruwan ne ya juya shi."

Tayoyi suka kama ƙasa. Suka hau tudu.

A hayin akwai fitilu birjik, kamar kasuwar dare. Mutane tsaitsaye, dogaye, ba ya ganin fuskokinsu. Babu ƙara ko ɗaya. Ba tari, ba takun ƙafa. Aka ɗaga but, aka fitar da mai jego da ɗanta. Motar ta miƙe a kan tayoyinta tana ƙara.

Tsohuwar ta ce, "Kashe motar ka sauko, ka sha ruwa. Ka gaji."

Hannunsa ya tafi kan makulli. Ya ce bai ga dalilin ƙi ba. Nan da gida duk ɗaya ne a wajensa. Ni ma da ke gida ina jiransa, ya tuna da ni, amma kamar yadda ake tuna an bar wanki a igiya. Yatsunsa sun riga sun kama makullin, sai bakinsa ya faɗi abin da ya saba faɗa.

"In na kashe ta ba ta tashi, sai an tura."

Tsohuwar ta yi 'yar dariya. Bakin ya gama, dariyar ta iso bayan kunnensa.

"Haka ita ma take cewa. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kashewa ba, ba ta taɓa bin mu gida ba." Ta gyaɗa kai. "To, zauna. Ba a dole. Amma ba a yi mana aiki a tafi hannu rabbana. Me kake so?"

"Ba komai."

Ta kalli ƙirjinsa. Sannan ta juya ta kalli rafin da suka ƙetaro.

"Akwai abin da ke biye da kai. Tun ranar da aka rufe Malama yake bin ka, bai cim maka ba. Ga shi can bakin ruwa, yana jira ka koma."

"Mene ne?"

"Baƙin cikinta. Babba ne. Ban ga alamar ƙirjin nan zai ɗauka ba. In kana so, mu riƙe maka."

Baba ya ce, "Ku riƙe."

"Ka ji da kyau. Ba shi kaɗai yake tafiya ba. Da shi da 'yan uwansa tare suke, ba a ware su."

"Ku riƙe."

"To. Ranar da kake so, ka zo ka karɓa. Kai kaɗai, a cikin motar nan."

Ta ɗora hannu a ƙirjinsa. Sanyi ƙalau. Ya ce ji ya yi kamar ana zare zare daga ɗinki, ana ja, ana ja, har ƙarshensa ya fita. Bai yi zafi ba.

Ta ajiye mayafin Inna a kan kujera. Ta fita. Ta rufe ƙofar da gwiwa.

Ya ɗaga kai, sai ya ga kansa a bakin gari, kusa da injin niƙa. Ana kiran sallar isha'i. Ƙafafun wandonsa a jiƙe. Ya ƙaraso gida, ya ajiye motar bayan ɗaki, ya kashe ta. Na fito da gudu na rungume ƙafarsa. Ya dafa kaina ya ce, "Kin ci abinci?" Na ce na ci. Ya ce, "To."

Daga ranar fito ya ƙare.

Kada ku ɗauka mugu ya zama. Bai taɓa barina da yunwa ba. Shi ke ɗinka mini kayan makaranta da na salla, awo daidai, ba a taɓa ragewa ba. Yana salla a kan lokaci. Yana zuwa suna, yana zuwa jana'iza, fuskarsa iri ɗaya. Abinci in an zuba gishiri ya ci, in an manta ya ci. Wata rana allurar keke ta shige masa ɗan yatsa, ta fito ta farce. Ina zaune. Ya kalle ta, ya juya keken baya, ya zare yatsan, ya naɗe da ƙyalle, ya ci gaba da ɗinki.

Na taɓa zuwa ta ɗaya a aji. Na taho da gudu tun daga makaranta, riƙe da takardar sakamako. Ya duba ya ce, "Madalla." Ya miƙo mini. Wata rana kuma na ɗauki babban almakashinsa na jefa a rijiya da gangan, na zo na tsaya a gabansa na ce ni na jefa. So nake ya dake ni. Ya ce, "To." Washegari ya sayo wani.

Goggo Tasalla, yayarsa, ta yi iya yinta. Ta kawo malamai, an yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi turare. Yana zaune yana bin umarni. Wani dattijon malami ya gama karatu, ya naɗe buzunsa, ya ce mata, "Hajiya, babu abin da ya shiga jikin mutumin nan. Wani abu ne ya fita." Goggo ta tambayi Baba me ya fita. Ya ce ajiya ya bayar. Daga nan bai ƙara ba.

An so ya ƙara aure, ya ce zai cuci 'yar mutane. Aka ƙyale shi.

Haka na girma. Gida a share, tukunya a kan wuta, keke na tafiya. Ba faɗa, ba dariya. Tun ina zuwa bayan ɗaki in jingina da motar in yi kukana, har na ga ba amfani. Na daina. Ba wuya, ashe. Sai ka bar abin ya zo maƙogwaro, ka haɗiye, ka je ka yi wanke-wanke. In ka yi ta yi, wata rana ba ya ma zuwa.

Motar ta zauna. Tayoyi suka sace. Tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun zo, ya ce ba ta sayarwa ba ce.

Sai aka sa ranar aurena.

Ana saura kwana kaɗan, an riga an sa ni a lalle, Goggo ta ce in je in yi wa Baba sallama tun kafin gida ya cika. Na same shi a shago yana kafa maɓalli. Na durƙusa. Ya yi mini nasiha, duk abin da uba ke faɗa, bai bar komai ba. Kamar mai karanta sanarwa.

Da ya gama na ce, "Baba, za ka yi kewata?"

Bai yi mini ƙarya ba. Bai taɓa yi ba. Ya ajiye allura ya yi tunani. Ya ce, "Ban sani ba, Ladidi. Na san dai ya kamata."

Na ce, "To, shi ke nan." Na yunƙura zan tashi.

Ya ce, "Tsaya." Ya dubi fuskata. "Amare na kuka in sun zo sallama. Ke ba kya yi."

Na ce, "A wajenka na koya."

Ban faɗa don in ɓata masa rai ba. Ba shi da ran da za a ɓata. Gaskiya kawai na faɗa. Ya daɗe yana kallona. Daga baya ya ce mini ko a lokacin bai ji komai ba. Tunani ne kawai ya yi, irin na tela. Ya ga an yanka yadi ba daidai ba, kuma shi ya yanka.

Washegari da safe sai ga bakanike a bayan ɗaki. Aka canza batir, aka sa tayoyi, aka wanke tanki. Bakaniken ya ce bari ya gyara ta ta riƙa tashi da makulli. Baba ya ce a bar ta haka. Bayan la'asar ya sa farar riga, ya shiga. Kujerar na nan inda Inna ta bar ta. Samarin unguwa suka tura. Ta yi tari, ta yi tari, ta tashi.

Goggo ta ce, "Gwadabe, ina za ka ana shirin biki?"

Ya ce, "Ajiyata zan karɓo, Yaya."

"Bari wani ya raka ka."

"Ni kaɗai aka ce."

Ni da Goggo muka zauna a dakalin ƙofar gida. Aka yi magariba muna nan.

Abin da ya faru a can, kaɗan ya gaya mini. Ya ce an yi gidaje a wani ɓangaren fadamar, amma gawon na nan. Tsohuwar ma tana nan. Zanen nan, tsayuwar nan. Ba ta ƙara tsufa ba.

Ta ce, "Ka daɗe."

Ya ce, "Na zo karɓa."

"Ba ta zauna yadda ka bar ta ba. Duk abin da ya same ka tun ranar, nan yake zuwa. Ta yi yawa. Shekarunka kuma sun ja."

"Ku ba ni."

"In ta kashe ka fa?"

"Yarinyar za ta tafi gidan miji. Ku ba ni."

Ta ce ya juya madubi. Ya juya. Aka ɗaga but.

Mu kuma muna zaune, sai muka ji ƙara daga kan kwana. Ƙarfe na jan ƙasa. Ga motar tafe, ido ɗaya, a hankali kamar mai rarrafe. Bayanta ya zauna daɓas, salansa na gugar ƙasa tana tartsatsi. Yara suka bi ta suna leƙe, su ga me aka loda. Babu komai a ciki. Kujeru ne kawai, da sandar tokare but.

Ya tsaya a ƙofar gida. Ya kashe. Ya zauna, hannu a kan sitiyari. Muna ganinsa ta tsagaggen gilashin. Ya daɗe. Sannan ya buɗe ƙofa.

Ƙafarsa na taɓa ƙasa, motar ta yi ƙara ta miƙe. Shi kuma ya zube a kan gwiwa.

Ban taɓa jin sauti irin wanda ya fito daga bakinsa ba. Ya ce, "Azumi." Tun ina yarinya ban ji sunan a bakinsa ba. Ya yi ta kiranta yana dukan ƙasa, kamar yanzu aka fito da makara. Maƙwabta suka firfito ba takalmi, suna tambaya wa ya mutu. Goggo na cewa babu, babu, ita ma tana hawaye.

Sai ya damƙe ɗan yatsansa, wanda allura ta huda, wanda ya warke tun tuni. Ya yi ihu yana yarfa hannu. Sai kuma ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Ta ɗaya! 'Yata ta zo ta ɗaya!" Sai ya haɗe rai ya ce wa ya jefa masa almakashi a rijiya. Sai kuka ya dawo. Duk a durƙushe, a cikin ƙasa, da farar riga.

Na je na tsaya a gabansa. Ya ɗago. Ya kalli ƙafata, ya kalli lallen hannuna, ya kalli fuskata. Kamar yana neman wata ƙarama a bayana.

Ya ce, "Ladidi? Yaushe kika girma haka?"

Ya kama hannuwana biyu ya kifa fuskarsa a ciki. Hawayensa da zafi. Ya yi ta cewa in yafe masa.

Sai da aka ɗaga bikin, don ya kwanta ciwo sosai. An zaci ba zai tashi ba. Ya tashi. Shi ne kawun da kuka sani yanzu, wanda ke hawaye in an yanka kaza, wanda ke ba ku alewa yana fito. Motar kuwa tun daga ranar ba ta ƙara tashi ba, ko an tura.

Saboda haka ku ji ni. Hanyar fadamar Kwarin Maje, kada ɗayanku ya bi ta shi kaɗai in rana ta yi sanyi, a mota ko a ƙafa. In kuma tsautsayi ya kai ku, kuka ga mai tsayuwa a gindin gawo, ku yi addu'a ku wuce. In ta yi muku tayin riƙe wani abu, komai nauyinsa, ku ce kun gode, za ku ɗauki kayanku.

Me kika ce, Ummita? Ko ni na yi kuka a ranar?

A'a. Na tsaya ne kawai, yana riƙe da hannuna, har ya gaji. Na so in yi. Har yau ina so. Shi ya san inda ya kai nasa, ya je ya karɓo. Ni ban ba kowa nawa ba, ban san inda zan je nema ba.

Tasi'u, kashe fitilar. Ku kwanta.